Wata Huɗu a Takardar Haraji

Gidanmu na farko a Greensboro yana unguwar Glenwood. Tsohon gidan katako ne mai ɗaki biyu, idan ka taka nan sai can ya yi ƙara. Maigidana, Malam Bashari, ya riga ni zuwa da shekara biyu, kuma ya sha gaya min a waya cewa ya kama gida kusa da jami'a, ni kuwa na ɗauka wani abin a zo a gani ne. Da na iso sai na tarar maƙwabtanmu ɗalibai ne masu shanya takalma a baranda, suna wucewa a kan keke suna yi wa kowa murmushin da bai wuce leɓe ba. A Malumfashi shekara shida na yi ina koyarwa a firamare, har a kasuwa Malama Rakiya ake ce min. A nan kuwa wata uku na yi babu wanda ya kira sunana sai shi, shi ɗin ma "ke" ta fi yawa a bakinsa.

Muna wannan gidan na haifi yarinyar. Haka zan riƙa ce mata, ku yi haƙuri da ni. 'Yar fari ce, kuma mu a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Inna, mahaifiyata, har yau "wancan" take ce wa yayanmu, ga shi da furfura a gemu. Ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa yabonsa ba, idan ana hirarsa ma tashi take yi ta ba da wuri. Haka na taso na gani, ban taɓa tambayar dalili ba. Na yi boko, na hau jirgi na ƙetare teku, amma kunyar nan ba ta tsaya a Malumfashi ba. A asibiti da ma'aikaciya ta zo da takarda tana tambayar sunan da za a rubuta, maigidana na nuna mata da baki. Ko mu biyu ne a ɗaki da yarinyar, "ke" nake ce mata, ita ma ta saba, tana waiwayowa.

Wadda ta tsaya min a jego ita ce Anti Zainabu, wata 'yar Damagaram mai kitso da muka haɗu a masallaci ranar Juma'a. Ba ta haɗa komai da ni ba, amma kwana arba'in tana hawo bas da fulas ɗin kunun kanwa a cikin jaka. Ita ce ke min tsiya a kan kunyata. Takan ce wai a ƙasar da mutane ke sumbatar kare a baki ni nake jin kunyar ɗiyar da na haifa, wa ke kallona, ɗaliban nan masu gajeren wando? Sai in yi dariya in ce Anti a bar maganar. Ita kuwa ta ɗauki yarinyar ta yi ta kiran sunanta da ƙarfi don ta ba ni haushi.

Zango na biyu shi ne wani gidan haya a saman bene, bayan manyan kantunan titin Wendover. Mun koma can ne don ya fi kusa da inda maigidana ke aikin kai kaya gida-gida. Haya ta ƙaru, albashi ɗaya ya daina kai mu ƙarshen wata, dole ni ma in fita. An samo min aiki a wani katafaren sito inda ake cusa kaya a kwali ana liƙewa, tsayuwa daga shida na safe zuwa biyu da rabi. Da muka je tambayar kuɗin gidan raino sai muka ga kusan duk abin da zan samu can zai tafi. Muka dawo cikin mota muka zauna muna ta lissafi.

A daidai lokacin ne Inna ta fara maganar yaye. Yarinyar ta shekara ɗaya da wata tara, kuma a wurin Inna babu wata shawara a ciki. Ɗa idan ya isa yaye gidan kaka ake kai shi, ni ma a gidan kakata aka yaye ni, shekara biyu na yi can. Ba ta ce tana son ganin jikarta ba, ba irin maganarta ba ce. Cewa ta yi kawai, me muke jira, ko sai yarinyar ta fara zuwa aike da nono a baki? Maigidana ya ce shawara tana hannuna. Ni kuma in ce a'a, in ce ba zan iya rabuwa da 'yar fari ba, da wane bakin? Na ce to.

Wata Hajiya Turai, mai sayo atamfa da turare daga Kano, ita ta tafi da ita a ƙarshen watan Afrilu. Aka yi fasfo, aka yi takardar izini, muka sa hannu. Ranar tafiya ban je filin jirgi ba. Na ce ina da aiki, kuma da gaske ina da shi, satina na biyu ke nan da farawa, amma ko da babu ba zan je in tsaya gaban Hajiya ina share ido ba. Na haɗa mata kaya tun da asuba, na ajiye mata riga mai ruwan ɗorawa a bakin gado, na fita tana barci. Wajen ƙarfe goma nono ya cika ya jiƙa min rigar aiki. Wata Ba'amurkiya da ke liƙe kwali kusa da ni ta duba, ta cire rigar sanyinta ta miƙo min. Har ta bar aikin ban san sunanta ba.

Bayan tafiyar yarinyar gidan ya yi mana faɗi. Duk Lahadi muna kiran gida ta wayar yayanmu, irin kiran da ake ganin juna. Ba na tambayarta. Sai in gaida Inna, in tambayi ciwon ƙafarta, in tambayi awaki, in ce ya mutanen gida. Inna ta san abin da nake nufi, sai ta juya wayar kamar ba da gangan ba, in hango ta a tsakar gida, ta yi baƙi ta yi ƙiba, tana bin kaji da ludayi. Maigidana ne ke kiran sunanta yana mata wasa, ni ina gefe ina tsintar wake. Wata rana ta leƙo fuskarta ta cika wayar, Inna ta ce mata ga Rakiya nan, gaishe ta. Ta ce "Rakiya", ta ruga da gudu. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Da aka shiga sabuwar shekara sai kowa ya kama maganar haraji. A ƙasar nan ana yankar wani abu daga kowane albashi, farkon shekara kuma ka cike takardu, idan an yanka fiye da kima a mayar maka, idan kana da yara ƙanana a ƙara maka. Mutanenmu duk wurin mutum ɗaya suke zuwa, Malam Tanimu, mai tebur a bayan wani shagon kayan miya. Mutum ne mai fara'a, ga shayi a fulas, ga Hausa garau, kuma an ce hannunsa na da albarka, wato dai kuɗin da yake fito wa mutane da shi ya fi na kowa. Bai ɓata mana lokaci ba. Ya tambayi yara nawa, maigidana ya ce ɗaya. Ya karɓi katin lambar da hukuma ta ba yarinyar ya shigar, ya juyo da kwamfutar ya nuna mana inda za mu sa hannu.

Bai tambaye mu inda take kwana ba, mu ma bai zo mana a rai mu faɗa ba. Ya ma sani, don ranar sai da ya tambayi labarin 'yar yaye, ko ta saba da tuwon kaka. A wurinmu yaye ba ƙaura ba ne. 'Yarmu ce, mu ke aika kuɗin madara da sabulu, kayanta na cikin durowa, za ta dawo. Ban san cewa dokar nan kwana take ƙirgawa ba, wai sai ɗa ya yi fiye da rabin shekara a ƙarƙashin rufinka kafin a ba ka kuɗinsa. Shi Malam Tanimu ba zan ce bai sani ba, sana'arsa ce, kuma ladansa kaso ne daga abin da ya fito.

A watan Maris kuɗin ya shigo, dala dubu shida da 'yan kai. Ba mu taɓa ganin irinsa a dunƙule ba. Maigidana ya yi sujada a tsakar ɗaki da wayar a hannunsa. Malam Tanimu ya cire nasa, aka sauya tsohuwar motar da ke mutuwa a kowace danja, aka aika wa iyaye na azumi, sauran kuma aka sayi tikitin da zan je in ɗauko yarinyar a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke. Ni kaɗai na shiga wani kanti a Wendover na sayo ɗan gado mai shinge, ban gaya wa kowa ba sai da aka kawo shi. Muka jingine kwalin a bango, maigidana ya ce zai haɗa idan lokaci ya matso.

Ranar wata Talata ce a watan Agusta, lokacin hutun ƙarfe goma, ina zaune a kan kwali ina cin burodi. Yayanmu ne ya kira. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi Malam Bashari, tun daga nan na ajiye burodin. Ya ce zazzaɓi ne na kwana uku, an kai ta asibiti jiya da yamma, da asuba Allah ya karɓi abarsa. Tun da hantsi suka dawo daga maƙabarta, yana ta neman yadda zai gaya min. Ya ce ga Inna. Na ji numfashinta a wayar. Na yi salati. Ƙararrawa ta buga, na tashi na koma layi na ci gaba da liƙe kwali har biyu da rabi.

Mutane sun zo ta'aziyya, takalma suka cika ƙofa har matakala. Aka yi ta yaba min, wai Rakiya akwai tawakkali, ko ɗigon hawaye. Ba tawakkali ba ne, ban ji komai ba ne kawai. Ina dafa abinci, ina salla, ina zuwa aiki, idan an yi magana in amsa, amma duk kamar wata ce ke yi ina kallonta daga nesa. Na so in yi kuka, na sha kulle kaina a banɗaki ina jiransa, bai zo ba. Tikitin ya ƙone, don irin mai araha ne da ba a mayar da kuɗinsa, ni kuma ban ga abin da zan je yi ba. Kwalin gadon yana nan a jingine, muka riƙa ɗora masa wasiƙu da makullai.

Wasiƙar hukumar haraji ta zo a watan Nuwamba. Maigidana ne ya buɗe, ya karanta sau biyu a tsaye, ya miƙo min don na fi shi Turanci. Sun ce suna duba takardunmu na bara. Mu aiko da shaidar cewa yarinyar da muka rubuta ta zauna tare da mu fiye da rabin shekarar, takardar likita ko ta gidan raino ko ta mai gidan haya, cikin kwana talatin. Idan babu, yawancin kuɗin da aka ba mu bai kamace mu ba, za mu mayar da shi har da ƙari. Ga sunanta nan a tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe. Na dube shi yadda ake duban lambar mota, na ninke takardar na ɗora a kan kwalin.

Washegari maigidana ya je wurin Malam Tanimu. Ya dawo da fara'ar da na daɗe ban gani ba, ya ce abin mai sauƙi ne. Akwai wata mata da ke rainon yara a gidanta, tana rubuta wa mutane takarda a kan dala ɗari uku. Za ta rubuta cewa yarinyar na zuwa wurinta tun daga Janairu har Disamba, mu kuma mu biyu mu sa hannu a ƙasa cewa gaskiya ne, shi ke nan an rufe magana. Ya ce an yi wa mutane da yawa. Ban ga laifinsa ba. Kuɗin babu shi, motar da aka saya da shi ita ce abincinmu, ga shi kuma yana shirin neman zama ɗan ƙasa baɗi, ba ya son wani tabo a takardunsa. Na ce masa to, yadda na ce wa Inna.

Bayan kwana uku ya kawo takardar. Da la'asar ne, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba. Ya riga ya sa nasa hannun, ya ajiye min biro. Da na sa hannun kawai ban karanta ba, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma malamar makaranta ce ni, ba na iya ganin rubutu in ƙyale. Matar ta rubuta cewa uwar yarinyar ce ke kawo ta kullum da safe, ta zo ta ɗauke ta ƙarfe uku, Litinin zuwa Juma'a, shekara guda cur. Ta ƙara da cewa yarinya ce lafiyayya mai son wasa da ruwa. Ban san inda ta samo wannan ba, wataƙila kowa haka take rubuta masa. Amma gaskiya ne, tana son wasa da ruwa.

Na daɗe riƙe da biron. Abin da na ji, idan ma ji ne, kwaɗayi ne. Na so a ce haka aka yi. Takardar ta ba ni wata takwas da ban yi da ita ba, ta tsayar da ni a ƙofar wani gida ƙarfe uku ina miƙa hannu. Ta kuma share Inna gaba ɗaya, matar da ta goya ta duk watannin nan, ta tauna mata abinci, ta rungume ta a bayan mashin zuwa asibiti. Na ajiye biron na ce masa zan sa gobe. Gobe ta yi na sake cewa gobe. Bai yi min faɗa ba, sai dai kullum da safe in tarar ya matso da takardar kusa da kofin shayina.

A cikin satin ne Hajiya Turai ta dawo daga Kano da saƙon Inna. Leda ce baƙa an ɗaure ta da tsumma, ciki akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Fasfon yarinyar ne. Inna ba ta iya karatu ba, ta dai san littafin hukuma ne, kada a nema a rasa. Ya kwana biyu cikin daddawa har warin ya kama shi. Anti Zainabu na gidan ranar, ta zo yi min kitson da ban roƙa ba. Ta karɓa ta buɗe, ta ga hatimin ranar da suka sauka a Kano, sai ta tambaye ni wace takarda ce wannan a kan tebur. Na gaya mata duka, daga farko har ƙarshe, kamar ina karanta mata rasit.

Ta saki gashina ta zagayo gabana.

"Rakiya, kun san abin da kuke shirin yi? Ga hatimi nan da kwanan wata. Mutanen impo, masu harajin nan, ba mahaukata ba ne. Kuskure daban, papiyen ƙarya, wato takardar bogi, daban. Na farko kuɗi za ku biya. Na biyu Malam Bashari na iya rasa zaman ƙasar gaba ɗaya, shi kuwa Tanimu yana nan yana shan shayinsa."

Na ce mata ni duk ɗaya ne a wurina.

"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa nake gaya miki."

Ta rubuta min kwatance a bayan ambulan. Akwai wani ɗan ofis a cikin gari, kusa da tashar bas, inda wasu tsofaffin ma'aikata ke duba wa marasa ƙarfi matsalar haraji kyauta. Ta ce in je ranar Alhamis, in tafi da wasiƙar da fasfon, in bar takardar matar nan a gida. Da maigidana ya dawo na gaya masa. Ya ce shi ba zai iya barin aiki ba, in je in ji abin da za su ce, ba zai hana ni ba.

Ranar Alhamis na tashi da wuri daga aiki na hau bas. Duk zamana a garin nan ban fi sau uku da shiga tsakiyarsa ba. Sanyi ya fara, itatuwa sun zubar da ganye, a titin Elm mutane na ta wucewa da kofin kofi a hannu kowa na sauri. Sai da na wuce ƙofar sau biyu kafin na gane ta. Na zauna a kujerar roba tsakanin wani tsoho mai sanda da wata mata mai ciki, har aka zo kaina. Wadda ta kira ni dattijuwa ce baƙar fata, Mis Loreta, gashi fari tas, tabarau a rataye da igiya, ga kwanon alewa a kan tebur. Ta karanta wasiƙar tana bi da yatsa. Ta tambayi wanda ya cike mana takardun bara, na ce wani ɗan ƙasarmu ne. Ta duba ta ce ko sunansa bai sa a gurbin mai cikewa ba, ya bar shi kamar mu muka yi da kanmu. Ta girgiza kai, amma ban ga ta yi mamaki ba.

Sai ta tambayi inda yarinyar ta zauna bara. Na yi mata bayanin yaye da Turancina na aji, ina jiran ta yi min kallon uwar da ta jefar da ɗa. Ba ta yi ba. Ta ce ita ma kakarta ce ta raine ta a ƙauye, uwarta na aiki a wani gari mai nisa, sau ɗaya take ganinta a shekara. Ta ce doka na ɗaga ƙafa idan ɗa ya tafi na ɗan lokaci, makaranta ko jinya, amma namu da wuya a karɓa, ba za ta yi min ƙarya ba. Abin da za ta iya shi ne ta gyara takardun, ta rubuta musu cewa kuskure ne ba zamba ba, ta roƙi a yafe tara, sauran a raba mana shi kaɗan-kaɗan duk wata. Motar babu mai taɓa ta muddin muna biya. Na miƙa mata fasfon. Tana buɗewa warin daddawa ya cika ɗan ofishin, kunya ta kama ni, ita kuwa ta ce ya tuna mata da wani abu da kakarta ke dafawa.

Ta turo min takarda da biro, ta nuna wani ɗan gurbi: wata nawa yarinyar ta zauna a gidanku a shekarar. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur duk da na san amsar. Janairu, Fabrairu, Maris, Afrilu. Na rubuta huɗu. Ta tambaya ko yanzu ta dawo, don a san yadda za a cike na bana. Na ce ta rasu a watan Agusta, a can.

Mis Loreta ta cire tabaraunta ta sake shi a ƙirji. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta taɓa ni ba. Ta jawo fasfon ta daɗe tana kallon hoton, wanda sai da aka ɗauka sau biyar don kada hannuna da ke riƙe da ita ta baya ya fito.

"Zan rubuta sunanta a wasiƙar nan," ta ce, "kuma ba na son in riƙa faɗarsa ba daidai ba. Yaya ake faɗarsa?"

Na waiga. Sabo ne, neman wanda zai faɗa a madadina. Babu Malam Bashari, babu Anti Zainabu, babu kowa sai kabad ɗin takardu da taga. Na yi niyyar nuna mata rubutun da yatsa, amma ta riga ta ga rubutun, ba shi take tambaya ba. Tana jira, biro a hannu.

"Sa'adatu," na ce.

Muryar ta fito a shaƙe, irin ta wadda ta tashi daga barci. Ta gwada, ta haɗiye tsakiyar sunan. Na ce a'a, ana ɗan tsayawa a tsakiya, na sake faɗa mata a hankali yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Sau huɗu ko biyar muka yi kafin ta kama. Sunan nan ya shekara uku da 'yan watanni a duniya, ranar ce ya fara fita daga bakina, a gaban matar da ban taɓa gani ba, mai sunan kuma ba ta nan balle ta waiwayo. Na ji zafi a nan ƙasan maƙogwaro, abu na farko da na ji tun watan Agusta. Ban yi kuka ba. Na karɓi alewar da ta miƙo min, na riƙe ta a hannu har tashar bas.

Na riga maigidana isowa gida. Na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da daddawar Inna. Na ɗauke takardar matar nan daga kan tebur, na ajiye ta Mis Loreta a wurin, kusa da inda yake ajiye kofinsa. Ya shigo bayan magariba, ya yi salla, ya zauna cin abinci da rigar aikinsa a jiki. Ya ga takardar, ya ga huɗun da na rubuta, bai taɓa ta ba. Sai da ya kai loma biyu sannan ya yi magana, bai ɗago ba.

"Me suka ce?"

"Za a raba mana shi duk wata. Ba za su taɓa motar ba. Saura sa hannunka."

"Rakiya, shekara nawa za mu yi muna biyan wannan? Takardar matar nan ɗaya ce fa, kowa na yi."

"Wata huɗu Sa'adatu ta yi tare da mu bara," na ce. "Sauran a bayan Inna ta yi su. Haka za a rubuta."

Lomar ta tsaya a hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe a haka, miya na ɗiga a kwano. Sannan ya mayar da lomar, ya tashi ya wanke hannu, ya goge a jikin wandonsa sau biyu don kada ya ɓata takardar. Ya dawo ya zauna ya ɗauki biron. Kafin ya sa hannu ya ce in sake faɗa. Na ɗauka watannin yake nufi, na ce huɗu.

"A'a," ya ce. "Sunan."